Tambayi Malama: Kukan Alewa, Bulalar 'Yan Makara da Tattabarun Skinner

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan fitowa daga garuruwa daban-daban suka zo, amma duk abu ɗaya suke tambaya: me ke sa mutum ya riƙa maimaita wani hali, me kuma ke sa ya bari. Kamar kullum, na taƙaita su, na cire sunaye.

TAMBAYA: Malama, ɗana shekararsa huɗu. Duk sanda muka bi ta gaban mai tireda sai ya kafe sai na saya masa alewa. In na hana, sai ya zube ƙasa yana birgima yana ihu har mutane su taru. Wani lokaci nakan daure, wani lokaci kunya ta sa in saya. Na yi faɗa, na yi duka, abin sai gaba yake yi. Kakarsa ta ce a kai shi a yi masa addu'a. (Wata uwa, Kurna, Kano)

AMSA: 'Yar'uwa, addu'a ba ta yin yawa, amma ki kwantar da hankalinki. Yaron nan karatun da aka ba shi ya haddace, kuma ke kika ba shi ba tare da kin sani ba. Ya roƙa da baki, kika ce a'a. Ya yi kuka, kika ce a'a. Ya zube ƙasa ya yi birgima, sai kuɗi ya fito daga jaka. A cikin ukun nan, da wanne kike jin zai fara gobe?

Masana halayyar ɗan'adam suna da ƙa'ida a kan wannan: duk halin da abu mai daɗi ya biyo bayansa nan take, halin yakan ƙaru. Shi suke kira ƙarfafawa. Alewar da ta zo bayan birgima ta ƙarfafa birgima. Shi ma yaron yana koya miki naki karatun. Da kin miƙa alewar ihu ya tsaya, idanun mutane suka sauka daga kanki, kika naɗe tabarmar kunya da naira ɗari. Wannan sauƙin da kika ji shi ke sa hannunki ya ƙara saurin shiga jaka a karo na gaba. Wani masani Ba'amurke, Gerald Patterson, ya shafe shekaru a jihar Oregon yana nazarin wannan zagayen a cikin gidajen mutane: yaro ya matsa, uwa ta saki, kowa ya sami abin da yake so na ɗan lokaci, gobe a tashi da matsin da ya fi na yau.

Inda na fi tsayawa a wasiƙarki shi ne wurin da kika ce wani lokaci kikan daure, wani lokaci ki saya. Nan gizo ke saƙa. B. F. Skinner, malamin jami'ar Harvard da ya fi kowa suna a wannan fanni, ya ba da labarin yadda ya gano haka tun yana matashi. Yana da ɓeraye a cikin akwati, duk wanda ya danna wani ɗan ƙarfe sai ƙwayar abinci ta faɗo masa. Da hannunsa yake haɗa ƙwayoyin, aiki ne mai cin rai, ran nan ya ƙirga ya ga ba za su kai shi ba. Sai ya ce bari ya riƙa bayarwa sau ɗaya a minti, ko da ɓeran ya danna sau nawa. Ɓerayen ba su yi zuciya ba, suka ci gaba da dannawa. Daga nan bincike ya faɗaɗa, har shi da Charles Ferster suka fitar da ƙaton littafi a 1957 kan tsare-tsaren bayar da sakamako. Abin da ya tabbata shi ne, dabbar da ta saba samu a kowane dannawa, da an tsayar da abincin ba ta jimawa take haƙura. Wadda kuwa ta saba yau a samu gobe a rasa, sai ta yi ta dannawa ba ji ba gani, domin rashin samu ba sabon abu ba ne a wurinta. Ɗanki a rukuni na biyu yake. Kin nuna masa cewa a'arki tana da iyaka, mai naci yana isa can.

Maganin shi ne birgima ta daina haifar da alewa, gaba ɗaya. Amma in gaya miki tun yanzu: kafin abin ya mutu sai ya fi da muni. A 1959 wani masani mai suna Carl Williams ya rubuta labarin wani yaro ɗan wata 21 da ya sha jinya, ya saba ba ya barci sai an zauna a kansa, in an fita ya tsala ihu. Da ya warke, iyayen suka yanke shawarar su kwantar da shi cikin lallashi, su fita, kada su dawo. Karon farko ya yi minti 45 yana ihu. Kafin karo na goma ya daina, har murmushi yake yi in za a fita. Bayan kamar mako guda, wata 'yar'uwar iyayen ta kwantar da shi, ya taɓa kuka, tausayi ya kama ta ta koma ta zauna. Aiki ya dawo ɗanye, sai da aka sake daga farko. Don haka kafin ki fara, ki sami Hajiya kaka cikin ladabi, ki sami maigida da duk wanda ke fita da yaron, ku zama baki ɗaya. In kin san ranar nan ba za ki iya jure idon jama'a ba, gara ki saya tun ya roƙa da baki, da ki bari sai ya yi birgimar minti goma sannan ki saya.

Kada kuma ki tsaya a hanawa kawai. Tun daga gida ki ce masa, yau ba ranar alewa ba ce. In kuka wuce tireda bai tanka ba, ko ya tambaya aka ce a'a ya haɗiye, a nan take ki yaba masa, ki faɗi abin da ya yi da sunansa: ka ga yadda ka wuce kamar babban mutum. Jefi-jefi ki saya masa a irin wannan ranar. Wannan duk ga yaro mai lafiya ne, wanda ba yunwa ko barci ko ciwo ke damunsa ba. In yana buga kansa da ƙasa har ya ji rauni, ko maganarsa ta yi jinkiri ƙwarai, likitan yara ya kamata ya gan shi.

TAMBAYA: Malama, ni ɗaliba ce a kwalejin ilimi. An ce mana ƙarfafawa iri biyu ce, horo ma iri biyu, kaina ya kulle. Kuma mene ne bambancin Pavlov da Skinner? (Ɗalibarki, Gumel)

AMSA: 'Yata, tambaya biyu kawai za ki riƙa yi wa kanki. Ta farko: halin ƙaruwa ya yi ko raguwa? In ya ƙaru, ƙarfafawa aka yi, in ya ragu, horo ne. Ta biyu: wani abu aka kawo ko wani abu aka ɗauke? Yarinya ta share tsakar gida aka ba ta tukuici, ta ƙara ƙwazo: an ƙarfafa ta da bayarwa. Kanki na ciwo kika sha magani ya sauka, gobe da ya fara kika nufi maganin: an ƙarfafa shan maganin da ɗauke ciwo. Wannan na biyun shi ɗalibai ke rikitawa da horo a jarrabawa kowace shekara, don sun ji akwai abu marar daɗi a ciki. Ki duba inda halin ya nufa, shan maganin ƙaruwa ya yi. Horo kuwa ko dai a kawo abin da ba a so, kamar tsawa, ko a ɗauke abin da ake so, kamar a karɓe ƙwallo na yini ɗaya.

Ivan Pavlov ɗan Rasha ne, masanin aikin jiki, ya karɓi lambar Nobel a 1904 kan binciken narkewar abinci. Karnukansa ba sa yin komai don su sami abinci. Ana haɗa wata alama da zuwan abinci, har ta kai alamar kaɗai na sa yawu ya zubo. Wato jiki ne ke koyon abin da ke tafe. Ɗaya hanyar kuwa da Edward Thorndike ta fara, wanda a 1898 ya riƙa saka kyanwoyi masu jin yunwa a cikin akwatin katako, abinci na waje. Kyanwa ta yi ta yaƙushi da tsalle har ta taɓa abin da ke buɗe ƙofa bisa tsautsayi. Da aka yi ta maimaitawa, lokacin fitarta ya riƙa raguwa sannu a hankali, motsin da ba ya buɗe ƙofa ya zube, mai buɗewa ya zauna. Skinner, wanda aka haifa a 1904 ya rasu a 1990, a kan wannan ya ɗora gini. A nan dabbar ce ke aikatawa, sakamakon aikin kuma shi ke yanke ko za ta sake.

In kina son misalin da zai zauna miki, ki tuna da burgu. A Morogoro ta ƙasar Tanzaniya akwai ƙungiyar APOPO da ke horar da manyan ɓeraye dangin burgu su shinshino nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi. Ba a tashi ɗaya ake koya musu ba. Da farko a danna wani abu mai ƙara a ba burgun ayaba, har ya san ƙarar na nufin abinci. Sannan sai ya kusanci ƙanshin sinadarin nakiya za a danna, sannan sai ya tsaya a kansa, sannan sai ya tona ƙasa a wurin. Mataki-mataki, kowane mataki da ladansa. Jikinsu bai kai nauyin da zai tayar da nakiyar ba. Ɗaya daga cikinsu mai suna Magawa ya gano nakiyoyi da abubuwan fashewa sama da 100 a Kambodiya, an kuma rataya masa lambar zinare a 2020. Babu wanda ya taɓa ɗaga masa tsumagiya.

TAMBAYA: Malama, ni malamin firamare ne, ni ke tsaron ƙofa da safe. Kullum ina zane 'yan makara, amma fuskokin da na zane jiya su nake zanewa yau. Yanzu ma wasu in sun makara sai su laɓe a bayan katanga har a tashi, wasu su shirya ƙarya. Mu da bulala aka tashe mu, ga mu mun zama mutane. Yaran yanzu ne suka kangare, ko in ƙara yawan bulalar? (Malaminku, Funtuwa)

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri, tsayuwar ƙofa cikin sanyin hunturu ba ƙaramin aiki ba ne. Amma ka riga ka amsa rabin tambayarka. A ma'aunin masana, abu ba ya zama horo sai ya rage halin da aka yi shi dominsa. Makara ba ta ragu ba. Abin da ya ragu shi ne shigowa ta ƙofarka. Bulalar tana aiki, sai dai ba a kan abin da ka nufa ba: yaro ya lissafa cewa makararren da ya shigo shi ke shan duka, wanda ya laɓe kuwa ya tsira.

Skinner ya gwada wannan da ɓeraye, ya ba da rahoto a littafinsa na 1938. Bayan sun koyi danna ƙarfe, sai ya tsayar da abincin. Kashi ɗaya ya shirya ƙarfen ya riƙa marin ƙafarsu in sun danna, na minti goma na farko kawai. Sun ja baya a lokacin, amma da marin ya tsaya suka dawo, a ƙarshe jimillar dannawarsu ta kamo ta waɗanda ba a mara ba. Daga nan ya tafi a kan cewa horo danne hali yake yi, ba ya kashe shi. A ganina ya ɗan zarce. Nathan Azrin da William Holz sun tattara bincike a 1966 da ya nuna horo na iya tsayar da hali, in ya zo nan take, a kowane karo, da ƙarfinsa tun farko, kuma akwai wata hanyar da aka buɗe wa wanda ake horon. Wuta ce ta cika waɗannan sharuɗɗa, shi ya sa Bahaushe ya ce yaro bai san wuta ba sai ta ƙona shi: ba ta jinkiri, ba ta yafewa ranar da take cikin nishaɗi, ba ta da ɗan lele. Hannun ɗan'adam bai iya haka ba. Ƙarfin da ake bukata kuma ya wuce abin da mai imani zai yi wa ɗan wani.

Sannan akwai abin da bulala ke haifarwa a gefe. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware babi a Muƙaddimarsa kan cewa tsananta wa ɗalibai yana cutar da su, yana kashe musu karsashi, yana tura su ga ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke kansu. Shekaru ɗari shida bayan haka, a 2011, Victoria Talwar da Kang Lee suka wallafa wani gwaji da suka yi a makarantu biyu a nan Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka, ɗaya ba a yi. Aka bar yara 'yan shekara uku zuwa huɗu su kaɗai da abin wasa a bayansu, aka ce kada su waiwaya. Yawancinsu a makarantun biyu sun waiwaya. Da aka tambaye su, kusan dukkan masu waiwayen makarantar duka sun musa, a ɗayar kuwa kaɗan ne suka haura rabi. 'Yan makarantar dukan kuma sun fi iya kare ƙaryar in an bi ta da tambaya. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka haɗa sakamakon bincike 75 da ya shafi yara sama da 160,000, ba su sami alamar cewa duka na gyara hali ba, sai ma alaƙa da ƙarin faɗa da taurin kai. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya yanke cewa dukan kaɗai ne sanadi, amma ya ishi mai hankali ya dakata.

Batun mun zama mutane kuwa, mu da muka kai labari mu ke ba da shi. Ka ƙirga abokan ajinka da suka gudu suka bar karatun.

Akwai kuma dalilin da ya sa bulala ke da wuyar ajiyewa. Da ka ɗaga ta aji ya yi tsit. Shirun nan take yake zuwa, ya ƙarfafa hannunka, illar kuwa sai bayan watanni take bayyana, lokacin ba wanda zai danganta ta da ita.

Kafin komai, ka zauna da yaran nan ɗaya-ɗaya ka ji me ke makarar da su. Yarinyar da sai ta ɗebo ruwa ko ta sayar da ƙosan safe kafin a sallame ta, agogon ba a hannunta yake ba, maganarka da iyayenta ce. Wanda kuwa wasa ke tsayar da shi a hanya, ka sa zuwa da wuri ya zama da riba: wanda ya riga kowa shi ke kaɗa ƙararrawa, ajin da ya cika kafin taron safe a ambace shi a gaban kowa. Mai zuwa ƙarfe tara in ya zo takwas da rabi, ka nuna ka gani, kada ka jira sai ya zama na farko. Makararre ya shigo, ya biya lokacin da ya ci daga hutun tara. Ta haka ƙofar ba ta zama abin gudu ba.

TAMBAYA: Malama, ina buga cacar ƙwallo a waya. Na san haramun ce, na san asarata ta fi ribata, amma na kasa bari. (Wani matashi, Maraɗi)

AMSA: Ɗana, Skinner ya yi gwaji da tattabaru ma, suna caccakar wani maɓalli don hatsi ya fito. Tsarin da ya fi kowanne riƙe su shi ne wanda ba su san a caka ta nawa hatsi zai fito ba, ko ta uku ko ta ɗari. A kansa suke caccaka ba hutawa. Shi da kansa ya ce a kan wannan tsari aka gina caca. Cin da ka taɓa yi sau ɗaya, da takardar da wasa ɗaya kacal ya ɓata, su ke riƙe da kai. Don haka kada ka tsaya kokawa da zuciyarka alhali wayar na hannunka. Ka goge manhajar, ka rufe asusun, ka damƙa katin bankinka ga yayanka ko wani da kake jin nauyinsa, ka daina zama a majalisar da ake lissafin wasannin. Ranakun wasa ka cika su da wani abin tun kafin su zo. In akwai bashi, ka faɗa wa wani babba yau, domin neman cike gurbin asara yana mayar da masu tuba da yawa.

TAMBAYA: Malama, ina ba 'ya'yana kuɗi in sun yi abin kirki. Yanzu ƙaramin ko aikensa na yi sai ya ce nawa za a ba shi. Anya ba cin hanci nake koya musu ba? (Wani uba, Kumasi)

AMSA: Alhaji, damuwarka tana da tushe. A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett sun zaɓi yaran wata makarantar reno a jami'ar Stanford waɗanda da ma suna son zane da alƙaluma masu launi. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, wasu aka ba su ba zato bayan sun gama, wasu ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka ajiye alƙaluman a aji ba tare da an ce komai ba. Waɗanda aka yi wa alkawari sun yi zanen kusan rabin lokacin da sauran suka yi. Wasa ya koma aikin lada, ba lada ba aiki. Waɗanda kyautar ta zo musu ba zato kuwa sha'awarsu ba ta taɓu ba.

Saboda haka abin da yaro ke yi don yana so, kada ka sa masa farashi. Abin da ke wajibinsa na ɗan gida, kamar aike da gaishe da baƙi, sakamakonsa Allah ya yi maka albarka ne da sakin fuska, kuma kada ka raina su, yaro yana aiki don su fiye da yadda iyaye ke zato. Kuɗi ka ajiye shi don abu mai wuya da ake son a fara, ka janye shi a hankali in abin ya kama. Akwai ma abin da ya fi kuɗi sauƙi, wanda David Premack ya bayyana a 1959 kuma iyayenmu mata sun daɗe da saninsa: abin da yaro ya fi so ya biyo bayan wanda bai cika so ba. A gama aikin makaranta, sannan a tafi ƙwallo.

Shi ƙaramin, ranar da ya sake cewa nawa, ka ce masa babu, kuma aiken yana nan. Zai yi gunaguni fiye da na da na 'yan kwanaki. Ka gaya wa mahaifiyarsa kada ta biya a bayan idonka.